Baba Famfo da Shaf ɗin da Bai Yi Laifi Ba

Ranar wata Talata da hantsi Baba Famfo ya zauna daɓas a cikin bahon baƙin mai, a gaban mutane sun fi goma. Ina tsaye a ƙofar shagona da almakashi a hannu, babu abin da ya wuce ni.

Yana tsugune ne a gefen motarsa, wajen ƙafar gaba ta dama. Ya cire taya, ya kama wata sandar ƙarfe da hannu biyu yana ja, ita kuma ta ce ba inda za ta. Ya tofa yawu a tafi, ya tokare ƙafa ɗaya a jikin mota, ya ce, "Yau ko ni ko ke." Bai rufe baki ba ta saki. Sai ga dattijo ya tafi da baya, rungume da ƙarfe kamar mai rarrashin jariri, bai tsaya ko'ina ba sai cikin bahon da ya tsiyaye mai a ciki, wanda shi da kansa ya jawo ya ajiye a bayansa don kada wani ya taka. Wandonsa ya yi wata ƙara da ba sai na kwatanta ba. A daidai lokacin kuma malaman makarantar ƙarshen layi, mata uku, suka zo wucewa. Biyu suka kau da kai. Ta ukun, Allah ya yi mata albarka, ta ce, "Sannu da aiki, Baba."

Na ce, "Injiniya, wanka ne da rana tsaka? Da ka faɗa ai da na kawo maka soso."

Ya ce, "Mai Aski, in ka ƙoshi da kallo, miƙo mini buhun can in ɗaura."

Da buhun ya shiga gida, yana tafiya da baya-baya, mai yana ɗiga. Amma sandar ƙarfen nan bai sake ta ba har ya shige.

Shekara goma sha bakwai ke nan ƙofar gidansa tana kallon ƙofar shagona. A bayan idonsa Baba Famfo muke ce masa, a gabansa kuma Injiniya, ko da yake makarantar da ya yi ba ta fi tawa tsawo ba, ni kuwa a aji huɗu na yi sallama da malamai, ba wanda ya ce in dawo. Da ƙuruciyarsa ya bi masu haƙar rijiyar burtsatse. Shekara ashirin da biyu shi ne mai tsayawa a gefen injin, hannu a kan ƙarfen sarrafawa, yana sauraron yadda bakin haƙa ke cin ƙasa. Da gwiwoyi suka fara yi masa gardama sai ya bar haƙa ya koma gyara. Duk ƙauyen da famfonsu ya mutu, shi ake bugo wa waya. Sai ya loda bututu da sarƙa da robobi a bayan akori-kurarsa, ya kama hanya shi kaɗai, ya dawo da laka har rufin mota.

Abin da ya yi suna a kansa kuwa kunne ne. Na taɓa bin sa sau ɗaya na gani da idona. Ya dafa bakin sifana a jikin famfo, ya kara kunne a ɗaya bakin, ya ce a buga. Aka buga sau uku. Ya ɗago ya ce, "Tsagewa ce, bututu na shida." Aka zaro, aka ƙirga, na shida ne. Mutanen ƙauyen suka riƙa kallonsa kamar daga sama ya faɗo. Ba wanda ya isa ya yi masa musu a kan ƙara. "Ido yakan ruɗe," in ji shi, "kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Sai dai akwai wasu ɗabi'unsa da suka daɗe suna yi mini yawo a kai. A bencin ƙofar shagona wurinsa ɗaya ne, ƙarshen hagu. In ya tarar da wani a wurin, zai tsaya ƙerere yana duba agogo har mutum ya ji kunya ya matsa. In kuma ina yi masa aski, muddin ina ɓangaren dama, hira muke har da dariya. Da zarar na zagayo hagu sai ya yi ɗif, in ba shi labari mai daɗi in kai ƙarshe, ko uhm ba zai ce ba. Na yi ta tunani, wane irin girman kai ne wannan mai zuwa rabi-rabi? Har na taɓa tambayar matarsa, wadda duk layin ke ce wa Inna. Ta yi dariya ta ce, "Kai dai yi askinka."

Motar fara ce a da can. Yanzu launinta sai wanda ƙasar ƙauyen da ya je ta ba ta. Irin mai ja da ƙafa huɗu ce. Ni da na ɗauka duk mota da ƙafa huɗu take ja, in ba haka ba da me za ta ja? Shi ya zaunar da ni ya ce a'a, yawanci biyu ne ke aiki, sauran biyun 'yan rakiya ne. Tasa kuwa akwai wani ɗan gajeren giya kusa da babban, in ya ja shi sai na gaba ma su shiga aiki, ta fita daga yashi ko taɓo kamar ba komai. Abin da ke kai wa tayar gaba ƙarfi shi ne sandar nan da ta kayar da shi. Shaf ake ce masa. Biyu ne, dama da hagu, kowanne da gwiwa a bakinsa, an rufe gwiwar da roba mai ninki-ninki cike da giris. In gwiwar ta cinye, duk sa'ad da aka karya kwana sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas.

To wannan ƙarar ce ta jawo komai. Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, mu dai Likita muke ce mata, ta gaji da gyara mu ta haƙura. Ta zo ranar Asabar, kwana uku kafin faɗawa baho, ya je tasha ya ɗauko ta, tun daga can motar take ta ƙas-ƙas har ƙofar gida. Ina cikin sharar gaban shagona, wanda na riga na share sau biyu, na ji yadda suka yi.

"Baba, motar nan za ta ajiye ka a daji wata rana, inda ko waya ba ta shiga."

"Ƙara ce kawai. Ke ma gwiwarki za ta yi in kin kai shekarunta."

"Shekararka sittin da takwas, Baba. Wani mai buga bulo ya daɗe yana tambayata ko za a sayar da ita."

"Ki ce ya buga bulonsa."

"Asabar mai zuwa zan dawo, ni zan tuƙa ta da kaina. In na ji ƙas guda ɗaya, makulli ya shiga jakata. Ka zauna gida ka huta."

"In zauna in yi me?"

"Ka yi hira da Mai Aski."

Ya waiwayo ya dube ni da tsintsiyata, ya ce, "Gara ki kai ni asibitin naku ki kwantar."

Likita ba ta faɗin magana ta janye, duk layin mun sani. Shi ma ya sani, don shi ta gado. Na ce masa ya kai wa bakanike mana. Ya ce mutumin da ke gyara abin da ke can ƙarƙashin ƙasa ba ya ko ganinsa, shi ne zai kai wa wani abin da ke gaban hancinsa? Litinin ya shiga kasuwar kayan mota ya dawo da sabon shaf a kwali. Na ce, "Ta yaya ka san wanne ne ya mutu a cikin biyun?" Ya nuna kunnensa da yatsa, ya ce, "Dama ne. Wata biyu ina jin sa."

Da sassafen Talatar, kafin faɗawa baho, ni ya fara kira. Akwai wani ƙaton noti a tsakiyar taya, shi ke riƙe bakin shaf, kuma tun taya tana ƙasa ake sassauta shi, in an ɗaga sai ta yi ta juyawa da kai. Ya zare ɗan siririn ƙarfen da ke tsare notin, ya sa sifana, ya zura mata bututun famfo mai tsawon mutum, ya ce in hau.

"Ni? Ina da abokan ciniki."

"Kanka ba ya mini amfani, nauyinka nake so. Hau."

Na hau, na yi tsalle biyu, notin ya yi ƙara ya saki, saura kaɗan in riga shi shan ƙasa. Daga nan ya ɗaga motar da jak, ya cusa gungumen itace a ƙarƙashi, ya ce shi bai yarda da jak ba ko da na ubansa ne. Ya ɗauko kwalin ƙwai na Inna, duk notin da ya kwance sai ya sa shi a raminsa, bi da bi, na farko a ramin farko. Wanda ya taɓa kwalin nan ya taɓo faɗa. Ya cire birki ya rataye shi da waya don kada tiyon man birkin ya ɗauki nauyi. Ya kwance mahaɗin ƙasa, ya ture kan ƙafar gefe, ya ɗora katako a bakin shaf ya buga da guduma har ya zame ciki. Saura ɗaya bakin, wanda ke cikin akwatin ƙarfen da ke tsakiya. Akwai wani ɗan zobe da ke riƙe shi a can, liba, wato ƙarfe mai faɗin baki, ake sawa a ɓanɓaro shi a hankali. Ya sani sarai. Amma mutane sun taru suna kallo, sai ya ga ai ja da hannu ya fi kyan gani. Abin da ya biyo baya kun riga kun ji.

Ya fito da wani wandon, fuska a murtuke, ya jera tsohon shaf da sabo a kan buhu. Ya gwada tsayi da igiya. Ya ƙirga haƙoran bakinsu da tsinken ashana, sau biyu, yana motsa leɓe. Ya shafa mai a bakin sabon, ya saita, ya tura da ƙarfi sai da ya ce ƙwas. Ya mayar da komai daga ramin ƙarshe na kwalin ƙwai zuwa na farko, ya ɗura sabon mai, ya sa na sake hawa bututu. Gaskiya dai aiki ya yi kyau, ko noti ɗaya bai yi ragowa ba.

Laraba da safe muka je gwaji a filin yashin da ke bayan makaranta. Ba gayyatata ya yi ba, na buɗe ƙofa ne na shiga. Ya ja ɗan gajeren giyan, ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya fara zagaye a hankali, yana murmushi tun kafin a je ko'ina.

Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas.

Ya taka birki. Ya murɗe zuwa ɗaya ɓangaren. Ƙas-ƙas-ƙas. Kamar ma ta ƙara lafiya.

"Jabu suka sayar mini," in ji shi. "Yau sai na juye musu shago."

Na ce, "Injiniya, sake yi in ji." Ya sake. Na kasa kunne sosai. "Wannan ƙarar ai daga ƙarƙashin ƙafarka take fitowa."

"Daga dama take."

"Ni ne zaune a dama. Nan shiru ne kamar shagona ranar Litinin."

"Kai me ka sani ban da ƙeyar mutane?"

Na sauka. Na ce ya yi ta zagaye, na bi motar da ƙafa ta dama, na zagayo na bi ta hagu, ina haki, yashi ya cika mini takalmi. Ko tantama babu, tayar hagu ce ke kuka, wadda ke ƙarƙashin tagarsa. Na tsaya a tagar na faɗa masa. Yana kallon gaba, bai ko motsa ba. Na ce a hankali, "Injiniya, malaman nan uku suna gaishe ka." Shiru. Mutumin da jiya ya kusa jifana da sifana a kan wannan maganar!

Sai wani abu ya faɗo mini. Bencin nan. Askin nan. Na laluba aljihu, almakashina yana ciki, don ko bikin wani na je da shi nake zuwa. Na taɓa kafaɗarsa na ce, da ƙarfi, "Sauko. Rufe ido."

"Wasan yara za mu yi?"

"Kai da kunnenka bai taɓa yi maka ƙarya ba, me kake tsoro?"

Ya sauko, ya rufe ido, ya harɗe hannu. Na lallaɓa bayansa, na kai almakashin daf da kunnensa na hagu, na yi ƙyas-ƙyas-ƙyas. Na ce, "Daga ina?"

Ya ɗaga hannu ya nuna dama.

Ya buɗe ido ya ga inda hannuna yake. Ban yi dariya ba, kuma ku shaida, wannan ne karo na farko a rayuwata da dama ta samu na bar ta ta wuce. Ya je ya zauna a bakin ƙofar mota, ya cire hula ya riƙe.

"Injin haƙar nan," in ji shi, "kullum a haguna yake. Shekara ashirin da biyu. Ba rana ɗaya jin kunnen nan ya tafi ba, kaɗan-kaɗan ya riƙa janyewa, har wata safiya na kwanta a kan na dama, Inna tana ta magana ina ganin bakinta kawai."

"Shekara goma sha bakwai ina naɗe kunnen nan ina aske bayansa! Ashe duk labaran da na zuba a ciki ƙasa suka bi?"

"Ba ka yi asarar komai ba, ni ma haka."

"To famfo fa? Bututu na shida?"

"Famfo ɗaya ne, a gabana yake, ba shi da dama ba shi da hagu. Kunnen dama nake karawa." Ya juya hular a hannunsa. "Ban taɓa lura yana ruɗa mini dama da hagu ba, wallahi. Duk ƙarar duniya ta dama take zuwar mini, har na manta akwai wata hanyar."

Na tambaye shi wa ya sani. Ya ce Inna kaɗai. Ya bugi kujerar direba da tafi, ya ce, "Ka san abin da ya sa nake son motar nan? A cikinta ne kawai duk wanda ya shigo yake zama ta inda nake ji. Ba sai na karkata kai ba, ba sai na ce me ka ce ba." Sannan ya dube ni, irin kallon da ake yi wa tulu mai yoyo. "Mai Aski, in Likita ta ji wannan, ba sai ta jira ƙas ba. Ka riƙe bakinka."

Na ce, "Ni? Ai ni kabari ne."

"Kabarin da ke da lasifika."

Da muka koma gida ya ɗebo ruwa a bokiti ya wanke busasshiyar lakar da ta lulluɓe robar shaf ɗin hagu. Ga tsaga nan a cikin ninki, tsawon ɗan yatsa, giris ya fice, yashi ya shige ya yi gida. Na ce, "Da ka wanke tun farko ai da ka gani." Ya ce, "Me zan duba, na riga na ji?" Ya faɗe ta ne a hankali, ba da irin muryar da ya saba ba.

Sai kuma ya miƙe zumbur. "Ina tsohon?"

Tsohon shaf ɗin dama, wanda ya sha zagi da ja bai yi laifin komai ba, Inna ta riga ta ba shi aiki: da shi ta tokare ƙofar akurkin kaji. Aka je aka roƙo shi, ta ce sai an kawo mata madadi. Ya goge shi, ya murɗa gwiwar ta kowane ɓangare, lafiya lau, ko motsi babu, robar ma ba ta da tabo. Ya ce a irin motarsa na dama da na hagu tsayinsu ɗaya ne, amma duk da haka sai ya cire na hagun ya gwada da igiya kafin ya yarda.

Alhamis muka sake komawa farko. Na sake hawa bututu. Kwalin ƙwai ya sake fitowa. Bahon mai kuwa sai da ya kai shi can gindin katanga, ya kife masa faranti. Da aka zo wurin zoben nan, ya ɗauko liba ya sa a hankali, ya ɗan danna, shaf ya fito salin-alin kamar an kira sunansa. Na ce, "Ashe haka ake yi? To na ranar Talata me ke nan?" Ya ce wancan na 'yan kallo ne. Da muka girgiza na hagun, gwiwar tana ta ɓararrak kamar gwangwani da tsakuwa. Ya miƙo mini ya ce in kai wa Inna ta tokare kajinta.

Wani da ya zo aski ya gaji da jira, ya leƙo ya ce, "Mai Aski, ka canza sana'a ne?" Na ce ya je gashin ya ƙara tsawo, ya fi riba.

Juma'a da safe muka koma fili. Ya ja gajeren giya, ya murɗe sitiyari. Kafin ya taka ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sauka ka bi ta hagu. Abin da ka ji ka faɗa mini, kada ka ƙara gishiri." Na bi shi zagaye uku ta nan, uku ta can. Ba abin da ke tashi sai kukan inji da yashi a ƙarƙashin taya. Na ɗaga masa hannu biyu. Bai ce na gode ba, amma da yamma ya zo ya zauna a benci ya saurari labarin surukina tun daga farko har ƙarshe, ni a damansa.

Asabar Likita ta iso. Ko jaka ba ta ajiye ba ta miƙa hannu, ya sa mata makulli. Muka tafi filin mu uku, ni a baya tare da bututu, ina riƙe da ƙarfe. Ta iya tuƙi, shi ya koya mata. Ta zagaya dama, ta zagaya hagu, ta ja da baya tana murɗawa, ta kashe rediyo, ta sauke gilashi, ta sake zagayawa. Shiru. Ta kashe mota, muka sauka. Baba Famfo ya miƙa hannu.

Ba ta ba shi ba. Ta jefa makullin sama ta cafe.

"Baba, Inna ta ce mini Talata dama ka kwance, Alhamis kuma hagu."

"Innarki ba ta da aiki."

"Ta ce wanda ka cire a dama shi ka mayar hagu. In lafiyarsa ƙalau, me ya sa ka cire shi?"

"Gyara ne. Ba ki san gyara ba."

"Kai da kake jin tsagar bututu a ƙarƙashin ƙasa, ka kasa sanin tayar da ke kuka a ƙarƙashin ƙafarka?" Ta juyo kaina. "Baba Mai Aski, kai kana wurin. Me ya faru?"

Jama'a, ban taɓa shan wahala irin ta wannan minti ɗaya ba. Maganar ta taso tun daga cikina, ta zo maƙogwaro, ta tsaya a bayan haƙora tana ƙwanƙwasa ƙofa. Gumi ya karyo mini. Na dubi sama, na dubi yashi. Na ce, "Ni, 'yata, aski na sani."

"Yau kuma? Kai da ka san abin da kowa ya ci jiya?"

Baba Famfo ya dube ni, ya ga ina shirin fashewa. Ya yi tsaki.

"Ƙyale shi kada ya mutu a banza. Kunnena na hagu ne. Ba ya ji."

"Ba ya ji sosai, ko ba ya ji?"

"Ba ya ji."

"Tun yaushe?"

"Kina firamare."

Ta zagaya ta hagunsa ta tsaya, ta faɗi wata magana ƙasa-ƙasa. Ni na ji abin da ta ce, amma wannan tsakaninsu ne, kuma na riga na fara koyon riƙe baki. Shi dai bai juyo ba. Ta dawo ta damansa, idonta ya kawo ruwa, ta share da bayan hannu kamar ƙura ce ta shiga.

"Kullum nan nake zama," in ji ta, tana nuna kujerar gefen direba. "Shi ya sa ban taɓa ganewa ba."

"Sharaɗinki ƙara ce," in ji shi. "Kin ji ƙara?"

"Ban ji ba."

"To."

"Babu wani to, Baba. Mutum yana bin daji shi kaɗai da rabin ji, in babbar mota ta taho ta hagu fa?"

"Madubi na ado ne? Shekara nawa ina yi, ko kaza ban taɓa takawa ba. Ƙauye uku suna jirana, ɗaya tun makon jiya daga rafi suke sha."

Ta juya makullin a yatsa, ta juya, ta juya. Ni dai na ga jakar a buɗe take, kuma hannunta ya fi kusa da jakar. Can ta ja numfashi.

"Litinin, ƙarfe takwas na safe, ka zo asibitinmu a duba kunnen nan. In an ce na'ura, na'ura za ka sa, ba a aljihu ba, a kunne. Kuma daga yau duk ƙarar da motar nan ta yi, sai wani ya ji maka kafin ka taɓa sifana."

"Da wace motar zan zo?"

Ta kama hannunsa ta dangwara masa makullin. Ya damƙe shi, ya zura a aljihun gaba, ya maɓalle.

Ni kuwa bakina ya sha ɗauri har kwana uku, dole ya ɗan miƙe ƙafa. Na ce, "Likita, kin yi sake. Da ni ne ke, ba zan ba mai kunne ɗaya mota ba."

Baba Famfo ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ga naka nan biyu, fatan-fatan kamar murfin tukunya. Shekara hamsin kana yawo da su, ko keke ba su koya maka ba. Matsa mini daga gaban mota."